Aljihun Malam Sha'aibu da Wasiƙar Tasawa

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta Ƙofar Jatau, inda muke zama da allura bayan azahar, duk wanda ya zo sai ya ce, "Ɗanlami, yaya ƙasar take? Wai da gaske ne ana iya korar jaki da burodinsu?" Na faɗa, na sake faɗa, har muryata ta dushe. Da na kai kuka wurin Malama Rahila, wadda take zuwa daga Wusasa tana koya mana karatun manya, sai ta ce, "Malam Ɗanlami, ina dalilin wahalar da baki tun da hannu ya iya? Rubuta musu." To, ga shi na rubuta. Wanda bai iya karantawa ba, ajinmu yana nan Litinin da Laraba bayan la'asar, kuma akwai sauran wuri a benci.

Sana'ata ɗinkin hannu ne na manyan riguna. Shekaruna hamsin da huɗu, biyu daga ciki na yi su a ajin Malama. Wanda ya koya mini ɗinki shi ne Malam Sha'aibu, mutumin ƙasar Maraɗi, wanda ya daɗe a birnin Zariya. Yana da wani ƙulli nasa na kansa da yake rufe ɗinki da shi, wanda in ka juya riga ciki da waje ba za ka ga inda zare ya ƙare ba. Ƙullin ɓoye yake ce masa. Ya fara koya mini shi a kan wani aljihun riga na saƙi, mun kai rabi, sai aka aiko masa wansa ya rasu. Ya bar mini aljihun ya ce bayan damina zai dawo mu ƙarasa. Shekara ashirin da shida ke nan. Na gwada rufe aljihun nan ni kaɗai ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Kullum sai bakin zare ya leƙo, in warware, in mayar da shi adaka.

Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, wani direban motar goro ya bar mini takarda a gida. Ita ce wasiƙa ta farko da aka taɓa aiko mini tun da na iya karatu. Na yi alwala, na zauna a zaure, na buɗe. Ga abin da ke ciki, harafi da harafi:

"Danlami, ni ne Chaibou. Ka zo da aljihou. Hannouna ya fara raoua. Ina Tessaoua, guidan Aïchatou, bayan kassoua."

A ƙasa akwai lambar waya.

Sunana na gane. "Ka zo da aljihu" ma na gane, ko da yake na ga an saka wani o da ba shi da aiki. Wannan kaɗai ya isa in san mai magana, don ba wanda ya san da aljihun nan sai mu biyu. Na tashi tsaye a zaure ina dariya ni kaɗai. Amma sauran kalmomin sun ƙi ni. An koya mana kowane harafi a ba shi haƙƙinsa, don haka na karanta sunan garin "Tessa'o'u'a". Ɗayar kalmar kuwa ta fito "ra'o'u'a". Na yi ta juya ta, sai na ce ai shi ke nan, Malam ya ƙirƙiro sabon ɗinki, hannunsa ya fara wani zane mai suna Ra'o'u'a. Na fita majalisa na ba da labari. Har wani ya ce in na koyo shi ne zai fara ba ni aiki.

Lambar wayar na buga ta fi sau ashirin, ba ta shiga. Malama Rahila ta ce in kawo ta duba mini takardar. Na ce, "Malama, ki yi haƙuri, wannan tawa ce." Ta yi murmushi ta ƙyale ni. Ga aikin Sallah a hannu, ga jarrabawar aji, sai na ce Malam da ya jira shekara ashirin da shida ai zai jira mako biyar. Shawarar da na yanke ita ce in je Maraɗi, a can in tambayi garin.

Ranar tafiya mai ɗakina Hajara ta naɗe aljihun a cikin sabon zane, ta haɗa mini da dakkuwa da yajin daddawa na tsaraba. Ta ce, "Malam, don Allah kada ka yi ta karanta wa mutane allunan hanya kamar yadda kake mini a Keke." Na yi mata alkawari. Kafin mu wuce Tashar Yari na karya shi.

Ku da kuka yi boko tun kuna yara ba ku san daɗin nan ba. Hanyar Kano na bi ta fi sau hamsin, amma da kamar kurma nake bin ta. Yanzu kowane bango magana yake mini. "Ana sayar da ƙanƙara." "Mai gyaran waya ya koma gaba." "Ba a fitsari a nan." Wata Hajiya da ke gefena da kwandon kaji ta jure har Kwanar Ɗangora, sannan ta ce, "Bawan Allah, ko dai kai ne ka rubuta su, kake duba ko an goge?" Mota ta kwashe da dariya. Na gaya musu shekarata biyu da fara karatu. Daga nan sai abin ya juye, kowa ya hango allo sai ya ce, "Malam, ga wani can, kada ya wuce ka!"

A tashar Kano ban tambayi kowa motar Katsina ba. Na bi layi ina duba katakon da ake ɗorawa a kan motoci har na ga nawa, na shiga na zauna kamar mai tashar. Bayan Bichi taya ta fashe. Muka sauka gindin wata bishiyar maina, kaji biyu na wata mata suka tsere, ni da wani ɗan kasuwa mai babbar riga muka bi su cikin gonar gero. Ina gudu ina kallon ɗinkin wuyan rigarsa, na inji ne, duk bakin zare a waje.

Mun isa iyaka bayan la'asar. A ɓangarenmu jami'in ya duba takarduna, ya dubi furfurata da hulata, ya turo mini tawadar dangwale. Ban ga laifinsa ba, haka na saba shekara da shekaru. Na ce, "Ranka ya daɗe, ara mini biro." Na rubuta Ɗanlami Umaru, har da lanƙwasar kan Ɗ. Na daɗe a kai, mutane na jira a bayana, amma ba wanda ya yi tsaki. Jami'in ya ɗaga littafin ya duba ya ce, "Baba, ai rubutunka ya fi nawa kyau."

A ɓangaren Nijar kuwa jami'in ne ya rubuta da kansa. Na leƙa, sai na ga ya sa "Oumarou". Na ce, "Yallaɓai, sunan mahaifina Umaru, ba O'umaro'u ba." Ya ce, "To mi na rubuta? Umaru ne wanga." Na buɗe baki zan yi gardama, sai na tuna ni baƙo ne. Na ce a raina, wataƙila shi ma bai daɗe da shiga aji ba. Allah ya nuna mini mabuɗin wasiƙata a nan, na tsallake shi na wuce.

A Maraɗi na sauka gidan Alhaji Nomau, mai motar goron da ta kawo mini takarda. Yana da babban zaure da tabarmi na baƙi, ba ya tambayar mutum ranar tafiyarsa. Hausarsu tamu ce, sai dai inda muke cewa "fa", su "ha" suke cewa. Ka ce ina gajiya, a ce maka "lahiya lau". Aka kawo dambu da zogale da man gyaɗa, na ci har na ji kunya. Bayan magariba aka ɗora shayi a kan gawayi, aka miƙo mini a wani ɗan kofin gilashi da bai fi babban yatsa ba, ɗaci kamar maɗaci. Na daure na shanye, na yi godiya, na miƙe. Alhaji ya ce, "Ina za ka, Bazazzagi? Wanga na hwarko ne. Zamna, saura biyu." Na biyu ya fi sauƙi, na uku kuwa zaƙi kamar zuma. A wurinsu wanda ya tashi a kofin farko bai sha shayi ba, kuma bai yi hira ba.

Na tambayi Alhaji garin Tessa'o'u'a. Ya ce shekararsa sittin a ƙasar bai taɓa ji ba, direban kuma yana Lakwaja, shi ma a tasha aka ba shi takardar. Ya ce in kwana biyu in ga kasuwa, in huta, a hankali za a bincika. Na yarda, don ban ga abin sauri ba.

Da safe na ga burodin nan da kuke tambaya. Dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa tauri. Na ɗauka na jiya ne, na ce wa mai shayi ya canza mini. Ya ce yanzu aka fito da shi daga wuta. Na karya, cikinsa laushi kamar auduga. Jaki dai ban gwada ba.

Daga nan na ce bari in leƙa tasha in yi tambaya kafin in wuce kasuwa. Na sami 'yan kamasho na ce, "Ina motar Tessa'o'u'a?"

"Mi?"

Na maimaita a hankali, ina ba kowane harafi haƙƙinsa.

"Wanga gari babu shi ƙasarga," in ji ɗaya. "Ko Mali ne?"

"Ko dai sunan magani ne aka rubuta mai?" in ji wani.

Suka taru a kaina, kowa na gwada faɗa yana dariya. Sai babbansu ya ce, "Ku kira Mushe. Kai, Mushe! Taho ka ji."

Na ce wane irin rashin mutunci ne wannan, a kira ɗan Adam mushe da rana tsaka? Sai ga wani kamili ya taso, mai kamar shekara arba'in, da tabarau da jaka, yana amsawa da fara'a. Na ce masa, "Malam, ka yi haƙuri da su, Allah ya ba ka lada." Da ya gane abin da nake nufi, sai da ya dafa mota don dariya. Ashe a can malamin makarantar boko ake ce wa Mushe, daga Faransanci, girmamawa ce. Makarantar kuma lakwal. Sunansa Mushe Hamidu, yana koyarwa a Gazawa, can zai koma.

Ya miƙo hannu in ba shi takardar. Na riƙe ta a ƙirji. Na ce, "Malam," don bakina ya ƙi faɗin ɗayan sunan, "wasiƙata ta farko ce. Na so in karanta ta da kaina."

Ya dube ni, ya janye hannunsa. Ya ce, "Gaskiyarka. Kada ka ba ni. Kana da kaye?" Littafin rubutu yake nufi. Na ciro nawa na aji. Ya rubuta layi uku: ou shi ne u, oua shi ne wa, ch shi ne sh. Ya ce, "Wanda ya yi lakwal nan, da haruffan Faransa yake rubuta Hausa. Magana guda ce, riga ce daban. Gwada."

Na durƙusa a nan ƙasa na ɗora takardar a gwiwa. Tessa, wa. Tessawa.

"Tasawa!" Na yi ihu. "Tasawa ce!"

Tasha ta ɗauka. "Tasawa yake nema! Ga motar Tasawa nan gabanai tun ɗazu!" Wani ya rungume ni. Ni kuwa ban tsaya ba. Chaibou, Sha'aibu. Kassoua, kasuwa. Aïchatou, A'ishatu, ai Indo ce, 'yar Malam da ya tafi da ita tana shekara takwas. Kowace kalma ina taɓa ta tana buɗewa. Na ce bari in ga sunan sabon ɗinkin. Ra, wa.

Hannuna ya fara rawa.

Na sake karantawa. Bai canza ba. Ba sabon ɗinki ba ne. Tsoho ne yake gaya mini hannunsa ya fara karkarwa, in zo tun yana iya riƙe allura. Ni kuwa na zauna mako biyar ina yi wa mutane albishir.

Mushe Hamidu ya ga fuskata, bai tambaye ni ba. Na nuna masa lambar wayar kawai na ce ba ta shiga. Ya ce in karanta masa. Da na karanta sai ya ce, "Waɗanga ukku ba bakwai ba ne, ɗaya ne. Ɗayanmu tana da dogon baki. Bakwai tamu ɗamara gare ta a tsakiya." Na gyara, na buga. Bugu biyu aka ɗauka.

"Indo? Ɗanlami ne, na Zariya."

"Yaya Ɗanlami!" Sai da na janye wayar daga kunne. "Kana ina? Baba kullum sai ya sa an hidda shi ƙofar gida, wai kana tahe."

Kasuwar Maraɗi har yau ban san kamarta ba. Na hau kabu-kabu, wato acaɓarsu, na ɗauko jakata, na yi wa Alhaji Nomau sallama a tsaye, na dawo na sami Mushe ya riƙe mini wuri kusa da shi.

A hanya ban kula da allunan hanya ba. Gonakin gero ne hagu da dama, da amalanken shanu. Amma da muka doshi wani gari na hango allo an rubuta Gazaoua, sai bakina ya riga ni: "Gazawa!" Mushe ya ce, "Ka ci jarrabawa." A nan ya sauka. Na ce ban san da me zan saka masa ba. Ya ce shekararsa goma sha biyar yana koyarwa, bai taɓa ganin wanda ya durƙusa a tasha don harafi uku ba, wannan ya ishe shi. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Mushe." A karon nan bakina bai ƙi ba.

A bayan kasuwar Tasawa ban sha wahala ba. Tun daga nesa na hango shi a kan tabarma a inuwar bango, ya rame, gemu fari fat. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa gaisuwar ba ya ce, "Ka zo da shi?"

"Na zo da shi, Malam."

"Ka yi ƙiba. Ɗinki ya karɓe ka, ko tuwon Hajara ne?"

Indo ta kawo fura mai kauri a ƙwarya. Na ga yadda ludayi ke kaɗawa a hannunsa, fura na zuba a riga. Na kawar da kai. Ya ce, "Kalla da kyau, kada ka ji kunya. Da ka zo da wuri da ka ga ƙullin da idonka. Wancan wata ina iya sa zare a allura."

Na gaya masa gaskiya, har da sabon ɗinki mai suna Ra'o'u'a. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Indo na bubbuga masa baya tana cewa ita ai daidai ta rubuta. Ya ce, "Boko ya kawo ka, boko ya makarar da kai. Kawo aljihun."

Ya shafa shi da tafin hannu, ya tsaya daidai inda na sha warwarewa, don saƙin wurin ya yi laushi. Ya karɓi allura. Sau uku yana kai ta, tana kaucewa. Ya ajiye. Ni kuma na ciro littafi da biro na ce ya faɗa mini da baki in rubuta.

"Ajiye wannan. Ni ma ban san shi da baki ba, hannu ne ya sani. Ɗauki allura."

Na ɗauka. Ya ɗora hannunsa a kan nawa. Ina jin karkarwar har gwiwar hannuna, amma a cikinta akwai wani ɗan turi, nan dama, nan ƙasa. Na saki hannuna ya bi. Muka ɗauki zare uku, muka bar biyu, kamar yadda na sani. Da muka zo wurin rufewa na nufi gaba, sai ya danne ni.

"A nan kake ɓata. Juya ƙyallen."

"In juya, Malam?"

"Ta baya ake rufe shi, kuma da baya-baya. Kai ta fuska kake nema, don ta fuska ka saba gani."

Shekara ashirin da shida, ashe juyawa ce kawai ban yi ba.

Kwana huɗu muka yi a kai, daga hantsi zuwa azahar, lokacin da hannun ya fi lafawa. Ranar farko da hannunsa a kan nawa. Ta biyu yatsa ɗaya kawai ya ɗora. Ta uku ya koma gefe yana zagina, "Kai, wannan hannu ne ko ƙafar raƙumi?" Ta huɗu na rufe aljihun ni kaɗai. Ya karɓa, ya shafa ciki, ya shafa waje, ya sake shafawa yana neman bakin zare. Bai samu ba. Sannan ya ce, "To, yanzu ɗauko bironka."

Na rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya, na karanta masa. A na biyar ya tsayar da ni. "Ka tsallake komawa ta ƙarƙashi." Na duba, gaskiyarsa. Hannuna yana yi, amma ban san yana yi ba sai da na zo rubutawa. Malam ya ce, "Ashe abin naku yana da amfani. Yana tona abin da hannu ya ɓoye." Ya sa Indo ta kwafa da irin nata rubutun, a ajiye ɗaya a Tasawa. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: kada in bari hannuna ya fara rawa kafin in ɗora shi a kan na wani.

Na so in bar masa aljihun, ya ƙi. Ya ce a haɗa rigar, in sa ta ranar Juma'a.

Dawowa ba ta da labari, sai dai a iyaka na ga an sake rubuta Oumarou, na ce wa jami'in, "Daidai ne, Yallaɓai." A aji Malama Rahila ta ba ni alli ta koma benci ta zauna, na koya musu layi ukun Mushe Hamidu, har ita. A majalisa kuma mutum biyu sun fara zama kusa da ni da ƙyallensu a juye. Wanda ya ce zai fara ba ni aikin Ra'o'u'a har yanzu yana tambaya, na ce ya ƙara haƙuri.

Jiya motar goro ta tashi zuwa Maraɗi da amsata. Ni na rubuta, kuma da irin haruffansu, don kada Indo ta sha wahalar da na sha:

"Malam, na iso guida lafiya. Na fara koya ma moutoum biyou. Hannouna ba ya raoua."